Kalilu Da Mutanensa Takwas A Bakin Gada

Ni mai ɗinkin buhu ne. Shekara talatin da wani abu ina zaune a gindin bangon nan na kusa da tashar manyan motoci a Jibiya, da basilla da zare, duk buhun da ya fashe a kawo mini. Mai irin sana'ata ba ya yawan magana, amma yana ganin kowa. Cikin duk waɗanda na gani suna kai da kawowa, Kalilu ne nake so in rubuta labarinsa, tun waɗanda suka san shi ba su ƙare ba.

Kalilu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi, wajen Madarunfa. Ya ƙetaro a shekarar yunwar nan ta saba'in da huɗu yana saurayi, bai zo da komai ba sai wuyansa da gammo. Ya fara da ɗaukar buhun gero daga mota zuwa sito. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, in ya aza buhu a ka sai ka ce tare aka haife su. Da tafiya ta yi tafiya 'yan dako suka naɗa shi sarkinsu. Sarautar ba rawani ba kujera. Shi ke raba aiki, shi ke cewa wane ya hau mota wane ya tsaya ƙasa, kuma kowace yamma sai ya ƙirga mutanensa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya sallame su.

Ƙirgar nan tana da dalili, amma tsofaffi irina kaɗai suka sani. A damunar tamanin da biyar, lokacin da aka rufe iyaka, kaya sun koma bi ta daji a kan mutane. Wata safiya Kalilu da wasu bakwai suka zo haye gulbi, ruwa iya ƙirji, kowa da buhu a ka. Na ƙarshe a layin shi ne amininsa Bawa, wanda suka zo Jibiya tare. Kalilu yana gabansa. Ya ji Bawa ya kira sunansa sau ɗaya. To a wurin 'yan dako akwai doka: ɗan dako ba ya yar da kayan mutane. Wanda ya taɓa yarwa, ba mai sake aza masa kaya a tasha. Kalilu ya ce a ransa bari in kai buhun gaci in juyo. Taku goma ne. Da ya sauke ya juyo, sai ruwa kawai. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, yana riƙe mini bakin buhu ina ɗinki, kuma bai sake ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a, karta ta ɓace daga tasha. 'Yan dako da direbobi suka koma dara a ƙarƙashin dalbejiya, kuma Kalilu ya zama gwani. Dara wasa ne mai mutunci. In an kira salla sai kowa ya tashi ya bar itatuwansa a gurbinsu, ba mai taɓawa, a dawo a ci gaba. Na faɗi wannan ne saboda abin da zai zo.

Bayan kamar shekara biyar sai wani ɗan garinmu, Abdulrazak, ya buɗe shago a jikin bangon da nake zama. Ya yi karatu a Katsina, ya dawo da kwamfuta da injin buga takarda da ɗan janareto, yana rubuta wa 'yan kasuwa takardun kaya. In aiki ya lafa sai ya kunna wani wasan yaƙi. Ni daga inda nake ina jin harbi, har na saba.

Wasan ba irin na yara ba ne. Ana ba ka sojoji takwas, kana ganinsu daga sama kamar yadda shaho ke ganin kaji. Kai ke nuna wa kowa inda zai je da wani ɗan abu da ake turawa a kan tebur, wanda Abdulrazak ke kira linzami. Suna gajiya, harsashinsu yana ƙarewa, in wuta ta yi yawa sai su kwanta su ƙi tashi ko ka yi ta umarni. Harsashi ɗaya ya isa ya kashe mutum, kuma wanda ya mutu ya mutu. Babban abin shi ne ba a jiran juna kamar dara. Kana tunani, abokan gaba suna tafiya.

Akwai wani mataki da ya gagari kowa. Gada ce a kan kogi, da motar sulke tsaye a bakinta, da wani gida a ƙetare wanda ake harbi daga tagarsa. Aikin shi ne ka haye da mutanenka. Wanda ya fi kowa naci shi ne Zunnuraini, wani ɗan kabu-kabu mai kai jarkokin fetur Maraɗi, mutum mai saurin hannu da saurin baki. Ranar da ya haye da mutum biyu, na'urar ta buga kiɗa, ya fito yana ihu har direbobi suka leƙo. Kalilu yana tsaye a bakin ƙofa, ya zo karɓar takardar wani alhaji, ya ga komai.

"Kai Zunnuraini, nawa anka ba ka?" in ji Kalilu.

"Takwas, Sarki."

"Nawa sunka haye?"

"Biyu. Ai na ci! Ba ka ji kiɗa ba?"

"To shidan fa? Uwayensu ba su son su?"

Shagon ya ɗauki dariya. Zunnuraini ya ce, "Sarki, wasa ne fa. In kana ganin sauƙi gare shi, ga kujera."

Kalilu ya dubi kujerar, ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta kamar bayan kunkuru, ya ce sai ya yi tambaya tukuna. Washegari ya sami limamin masallacin tasha, Malam Yahaya, ya tambaye shi ko abin nan caca ne. Malam ya zo da kansa ya duba, ya ɗan daɗe yana kallo fiye da yadda fatawa ke bukata. Ya ce tunda ba a sa komai a ci, ba caca ba ne, amma da sharaɗi ɗaya: kada ya sa mutum ya jinkirta salla. Kalilu ya ce ya ɗauki alkawari a gaban jama'a.

Kwana uku ya yi yana koyon riƙe linzami. Da farko yana damƙarsa kamar kunnen buhu, har Abdulrazak ya ce, "Baba Sarki, don Allah a hankali, ba shi da ƙani." Ba ya karatun boko, don haka ya raɗa wa sojojin sunayen mutanensa na tasha. Ƙaton da ke ɗauke da babbar bindiga mai jigidar harsashi ya zama Mamman Dogo, don ainihin Mamman Dogo shi ne mafi ƙarfi a cikin 'yan dakonsa. Akwai wani siriri mai ɗauke da rediyo a baya, wanda kullum shi ne ƙarshen layi. Shi Kalilu ya nuna shi da yatsa ya ce, "Wanga Bawa ne." Samarin ba su lura ba. Ni na ɗago kai daga ɗinkina.

Rana ta farko da ya shiga matakin gada, ya jera mutanensa a fili yana nazari, sai aka kira Azahar. Ya miƙe ya saɓa rigarsa ya fita. Abdulrazak yana bayan shago yana zuba wa janareto mai, bai gani ba. Muka dawo daga masallaci, Kalilu ya zauna, ya tarar da takwas ɗin duk a kwance.

"Wa ya taɓa mini wasa?" Ya juyo idonsa jawur. "Zunnuraini, kai ne?"

"Ni da muke sahu ɗaya da kai, Sarki?"

Abdulrazak ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Ya ce wannan ba dara ba ce, kuma a wannan matakin mai wuya ba a ma yarda a tsayar da wasan ba. Kalilu ya girgiza kai ya ce, "Ashe yaƙin nasu ba ya da ladabi." Tun daga ranar ba ya farawa sai an idar da salla.

Wata biyu ya yi a kan gadar nan. Duk ranar da motoci suka yi ƙaranci, yana shagon. Ya gwada ta hagu, ya gwada ta dama, ya gwada jefa gurneti, ya gwada rarrafe. Motar sulken tana share su cikin minti goma. Sau biyu ya haye da mutum biyar, na'urar ta buga masa kiɗa, ya ce a kashe kiɗan, wannan ba hayewa ba ce. Abdulrazak ya sha gaya masa cewa sojojin suna iya ajiye kayansu su yi sauri, akwai maɓallin da ake dannawa. Kalilu ya ce, "Kayan gwamnatinsu ne, amana ce. Ba a yarwa." Matarsa Safiyatu ta fara kiransa Janar. In ya makara sai ta ce a gaya wa Janar tuwo ya huce, ko a aika masa fagen fama.

Sai Abdulrazak ya sami aiki a Katsina. Ya ce ranar Litinin zai kwashe shagon. Lahadi kasuwar Jibiya ce, ranar da ɗan dako ba ya samun ko shan ruwa a zaune. Saura Asabar ke nan. Labari ya zaga tasha cewa Sarki zai yi gwajin ƙarshe, ko ya haye da takwas ko a tafi da kwamfutar da gadar a cikinta.

Ranar Asabar an shirya farawa bayan Azahar, sai janareto ya ƙi tashi. Aka ja igiya har hannu ya gaji. Zunnuraini ya kwance fulogi ya kankare ya hura ya mayar, ya zuba ragowar man da ke jarkarsa. Kafin injin ya kama, inuwa ta riga ta juya. Abdulrazak ya leƙa tankin ya ce man ba zai kai gwaji biyu ba.

Shagon ya cika har waje. 'Yan dako, direbobi biyu 'yan Maraɗi, mai shayi da butarsa a hannu, har ainihin Mamman Dogo ya zo ganin abin da za a yi da sunansa. Ni aka ba ni wuri a kan buhu kusa da kujera, saboda tsufa.

Kalilu ya yi bisimilla ya kama linzami. Ya bi da mutanensa ta bayan wata gona, biyu su yi gaba su kwanta, biyu su biyo, yadda yake haye da 'yan dako a wuri mai santsi. Suka kashe masu sintiri uku ba tare da ko ƙwarzane ba. Shagon ya fara zafi. "Haka, Sarki!" "Ga wani can bayan itace!" "Dogo, harba mana!" Mamman Dogo na gaske ya ce, "Ina harbawa, ku ƙyale ni!" Suka isa wani kwazazzabo da ke kallon gadar. Ga motar sulke nan tsaye, bakin bindigarta yana juyawa a hankali.

A daidai nan ladan ya ɗaga murya. La'asar.

Zunnuraini ya ce a hankali, "Sarki, minti goma ne. Lokaci bai fita ba. Gama tukuna." Wani direba ya ce Malam ma zai fahimta. Na ga hannun Kalilu a kan linzamin, yatsunsa suna motsi. Ya shigar da mutanensa cikin kwazazzabon, ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Abdulrazak maɓallin da ke hana su harbi, ya danna. Ya ƙirga su da yatsa a jikin gilashin kwamfutar. Sannan ya miƙe.

"Ku tashi mu tahi. Na yi alkawari gaban mutane."

Abdulrazak ya ja ƙofar ya bar janareto yana ci. Allah Ya yafe mini, a sallar nan ban san surar da Malam Yahaya ya sa mu tsaya a kanta tsawon haka ba, kunnena yana wajen injin, ina jin ko zai mutu. Na saci kallon Kalilu bayan sallama. Yana zaune yana tasbihi kamar ba shi da kowa a kwazazzabo. Sai da ya gama ya shafa, sannan ya nemi takalmansa. Samarin kuwa tuni sun ruga.

Tun kafin mu isa muka ji ihun Zunnuraini. "Suna nan! Wallahi suna nan! Kuma ta tafi! Motar ta tafi!"

Aka buɗe wa Kalilu hanya. Takwas ɗin suna kwance yadda ya bar su. Bakin gadar kuwa wayam. Can saman gilashin muna hango motar sulken tana bin hanya tana nisa. Abdulrazak ya dafe kai ya ce shekara guda yana da wasan nan bai taɓa sanin tana barin wurin ba, don ba wanda ya taɓa zama ya jira. Kowa da ya ga gadar sai ya far mata.

"Kai ka san za ta tafi, Sarki?" in ji mai shayi.

"Ban sani ba," in ji Kalilu yana zama. "Amma shekara talatin ina bakin iyaka, ban taɓa ganin mai gadin da ba ya tashi ba. Ku matsa mini."

Ya sa Mamman Dogo na cikin wasan ya kafa babbar bindigar ya riƙa zuba wuta a tagar gidan nan na ƙetare. Ya jefa gwangwanin hayaƙi a tsakiyar gada. Biyu suka ruga suka haye. Shagon ya ce, "Biyu!" Wasu biyu suka bi. "Huɗu!" Mai shayi yana ƙirgawa da butar har ruwan zafi ya zubo wa wani a ƙafa, ba wanda ya kula. "Shida!" Saura Dogo da Bawa. Dogo ya naɗe bindigarsa ya saɓa, ya hau gadar yana tafiyar mai kaya, Bawa yana bayansa da rediyo. Hayaƙin ya fara bajewa.

Tau! Daga tagar. Bawa ya faɗi a tsakiyar gada.

"Bai mutu ba!" in ji Abdulrazak. "Duba, yana motsi, rauni ne!" A lokacin muka ji rugugin inji daga cikin na'urar. Motar sulken ta juyo.

Kowa ya kama magana lokaci ɗaya. "Bar shi, Sarki! Bakwai ma ba a taɓa yi ba!" "Dogo ya kusa gaci, taku kaɗan ne!" Zunnuraini yana tsalle yana cewa, "Ka kai Dogo tukuna ya ajiye bindigar, sai ya dawo!" Ban san ko ya san abin da ya faɗa ba. Na dubi Kalilu. Gumi yana bin wuyansa.

"Abdulrazak," ya ce, muryarsa ba ta ko rawa. "Ina abin nan na yar da kaya?"

"Ga shi, Baba, wannan."

Ya danna. Babbar bindigar ta faɗi a kan gada, da jigidarta da komai. Mamman Dogo na cikin gilashi ya juya da gudu, irin gudun da ba mu taɓa ganin ya yi ba cikin wata biyu. Ya sunkuya ya saɓa Bawa a kafaɗa. Shidan da ke ƙetare Kalilu ya sa su duka suka buɗe wuta a kan tagar. Hancin motar sulken ya bayyana a ƙarshen hanya. Mamman Dogo na gaske ya durƙusa a ƙasa yana dukan cinyarsa yana cewa, "Gudu, Dogo! Gudu, ɗan uwata!" Harsasai suna tada ƙura a bayan ƙafarsa. Taku biyar. Taku uku. Ya faɗa bayan katangar ƙetare da mutumin a kafaɗarsa.

Kiɗan nan ya tashi. Wannan karon Kalilu bai ce a kashe ba, ko da ya ce ma ba mai ji, don shagon ya kece da kabbara da ihu har masu awo suka bar ma'auninsu suka rugo suna tambayar ko gobara ce. Zunnuraini ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Na sallama, Janar! Na sallama!" Aka ɗaga Mamman Dogo sama kamar shi ya yi gudun. Kalilu yana zaune, ya sa yatsa a gilashin yana ƙirgawa, leɓensa yana motsi. Yana isa na takwas janareto ya yi tari sau biyu ya mutu, gilashin ya yi baƙi.

Da mutane suka ragu ya fito ya zauna kusa da ni a gindin bango. Na ɗauki wani buhu da ya fashe, ya kama mini bakinsa ba tare da na roƙa ba. Na yi ɗinki kamar kamu ɗaya kafin ya yi magana.

"Rabe, ka gani?"

"Na gani."

"Ashe sakan guda ne. Yar da kayan."

Na ci gaba da ɗinkina, yana riƙe da bakin buhun.

Ranar Litinin da safe motar Katsina ta zo. Kalilu bai bar kowa ya taɓa kwamfutar ba. Ya naɗa gammo, ya aza ta a ka, ya kai ta har cikin mota, ya sa buhunan wofi a kowane gefe don kada ta girgiza. Ya koma dararsa a ƙarƙashin dalbejiya, ya yi shekara shida yana cinye direbobi kafin ƙafa ta hana shi zuwa tasha, Mamman Dogo ya gaje shi. Sunan Janar kuwa ya bi shi har ƙarshe.

Abu ɗaya ya canza a tasharmu, kuma har yau yana nan. Da damunar shekarar ta zo, ya tara 'yan dako ya ce daga yau duk wanda ya yar da kaya don ya kama ɗan'uwansa, ba mai hana shi aiki, shi Kalilu zai je gaban mai kayan da kansa. Wani sabon ɗan dako ya tambaya a ina aka samo wannan dokar. Zunnuraini yana kan babur ɗinsa yana ɗaure jarka, ya ce, "A bakin gada, yaro. Ba ka zo ba tukuna lokacin."